Yadda ake tayar da kunnuwan tsohuwar jita da majigi mai zagayayyen faranti

Bayan sadakar arba'in ta kawuna a Argungu, matarsa ta miƙo mini makullin wani ɗaki da ke ƙuryar gida, ta ce, "Ɗana, kai ne mai hannun gyara. Duba abin da ke da amfani, saura a kira ƴan gwangwan." Kawu malamin gona ne tun Kabi tana cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke ta a 1991. Ƙarƙashin buhunan takardu na tarar da majigi na Kodak a cikin akwatinsa, da faranti uku masu zagaye cike da ƙananan hotuna, sai wata jita jingine da bango, tsirkiya biyu kaɗai suka rage mata, kunnuwanta, wato abubuwan da ake murɗawa a saita muryar tsirkiya, sun yi jajir da tsatsa.

Wata biyu na yi a kansu, kuma abin da na gano shi ne ciwonsu ɗaya. Maikon da aka sa musu tun daga masana'anta ya bushe, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta shiga ta cakuɗe da shi, ya daskare kamar ƙaro a jikin itace. Haƙoran ƙananan giyoyin da ke cikin injinsu lafiyarsu ƙalau. Abin da ke kashe irin waɗannan kaya shi ne hannun mai gaggawa, wanda zai ji abu ya cije sai ya ƙara ƙarfi. Haƙori ɗaya ya karye, ba za ka same shi a kasuwar Birnin Kebbi ba, ba kuma a ta Sakkwato ba.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan sukundireba masu baki ɗaya da masu baki huɗu, sifana lamba 10, filaya, tsohon buroshin haƙori, kananzir, sifirit, man keken ɗinki, ɗan farin giris, auduga, tsinken sakace, farin gam na kafintoci, fensir, da famfon keke don hura ƙura. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma domin notin da ya faɗi ya nuna kansa. Wayarka ma kayan aiki ce: duk abin da za ka kwance, ɗauki hotonsa tukuna.

Fara da jita, ta fi yafiya

Wanda ya saba da molo ko garaya ya san a can da zoben fata ake ɗaure tsirkiya a jikin sanda, a tura shi sama ko ƙasa har murya ta daidaita. Jita ba haka take ba. Kowane kunne inji ne ƙarami mai sassa huɗu: mariƙin da yatsa ke murɗawa, sanda mai zare irin na noti, ƴar giya mai haƙora da zaren ke turawa, da turken da tsirkiya ke naɗuwa a jikinsa. A tsofaffin kunnuwa sai ka murɗa mariƙi sau 12 zuwa 15 kafin turke ya zagaya sau ɗaya, na zamani sukan kai 18. Hikimar wannan haɗi ita ce zaren yana iya juya giya, amma giya ba ta iya juya zaren, komai jan tsirkiya. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Juya kan jitar ka dubi bayansa. Idan kana ganin haƙoran a fili, buɗaɗɗu ne, kuma su suka fi sauƙin gyara. Idan an rufe su da ɗan kwanon ƙarfe siriri mai ƙaramin rami a tsakiya, irin na Kluson ne, kamfanin Chicago da ya yi wa kamfanonin jita Fender da Gibson kunnuwa a shekarun 1950, wanda masana'antun Japan suka kwaikwaya ba adadi. Idan kuwa gidan mai kauri ne a rufe ruf, da noti mai kusurwa shida ta gaba, irin na Grover ne ko Schaller ta Jamus ko Gotoh ta Japan. Akwai kuma masu kunne uku a jere a kan faifan ƙarfe ɗaya, waɗanda aka fi gani a jitar tsirkiyar roba. Ta kawu buɗaɗɗu ne, uku dama uku hagu.

Sassauta tsirkiyoyin kafin komai. Kada ka datse su suna ɗaure, domin saiti ɗaya na tsirkiyar ƙarfe yana jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70, kuma wadda ta tsinke takan nufi ido. Kunnen da ya ƙi juyawa, bar shi. Ɗiga masa kananzir a kan haƙoran, ka koma bayan sa'a guda. A nan na yi asarar farko: na kama mariƙi da filaya na murɗa, ya ruguje a hannuna kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Har yau ina jin ciwon abin, domin ya fi ni shekaru.

Kwance ƙananan notunan baya da sukundireba da ta cika bakinsu daidai. Wadda ta yi ƙanƙanta cinye kan notin za ta yi. Jera kunnuwan yadda ka cire su, na dama daban na hagu daban, don ba sa musanyuwa. A ramin katakon ta gaba akwai ɗan zoben ƙarfe, bushin, wanda turke ke juyawa a ciki. Idan yana zaune daram, ƙyale shi. Idan dole ne ya fita, tura shi ta baya da ƙarfe mai faɗin baki kana bugawa a hankali. Wanda ya sa sukundireba ta gaba ya ɓanɓare shi zai tafi da fentin har da tsokar katako.

Yanzu wanka. Zuba kananzir a murfin gwangwani daidai yadda zai rufe haƙoran, mariƙan suna waje, su kwana. Dalilin barin mariƙan a waje shi ne da yawa daga cikin na da an yi su ne da wata tsohuwar roba, seluloyid, wadda ba ta shiri da sinadari, tina tana narkar da ita, wuta kuwa kamar fetur take kama ta. Ita ce kuma idan ta fara ruɓewa take fitar da tururin da ke sa ƙarfen kusa da ita tsatsa. Saboda haka idan ka ga mariƙi ya tsuke, ya yi tsage-tsage kamar ƙasan fadama a bazara, kuma tsatsar ta fi yawa a gindinsa, ya gama aiki.

Da safe ka goge haƙoran da buroshi, ka bi tsakaninsu da tsinken sakace har baƙin dattin ya daina fita. A buɗaɗɗen kunne akwai noti ɗaya a tsakiyar giyar da ke riƙe ta da turke. Kwance shi, ka wanke ƙarƙashin giyar, ka mayar, ka ɗaure har girgiɗi ya tafi amma turke yana juyawa. Yawancin abin da ake kira "kunne ya cinye" wannan notin ne ya saki. Tsatsar jikin faifan kuwa, kada sanfefa ta taɓa ta, za ta kankare farin ruwan da aka shafa wa ƙarfen. Ɗan mai da ƙyalle mai kaushi sun isa, abin da ya ƙi fita a bar shi, shekarunsa ne. Irin na Kluson ba a buɗe kwanonsa, domin ƴan harsunan da suka riƙe shi sau ɗaya suke lanƙwasuwa, na biyu karyewa ne. Ta ramin nan na tsakiya ake ɗura kananzir, a murɗa, a zazzage, a bari ya bushe, sannan a tura giris. Rufaffu masu kauri kuwa ba su cika neman komai ba sai a ɗan matse notin da ke ƙarshen mariƙi da na gaba mai kusurwa shida.

Wajen sa mai, a ƙasarmu ƙaranci ya fi yawa amfani. Giris kamar ƙwayar gero a kan zaren, ɗigon man keke ɗaya inda sanda ke juyawa, ka murɗa sau ashirin, ka share duk abin da ya fito. Maikon da ya rage a waje gayyatar ƙura ce, kafin hunturu ya fita ya koma ƙaro.

Sabon mariƙi yana da sauƙin sawa fiye da yadda ake zato. Fasa ragowar tsohon da filaya ka cire shi kakaf, ka kankare sandar, sannan ka ɗora mata ƙarfen dalma na masu gyaran rediyo har ta yi zafi, ka tura sabon mariƙin roba a miƙe, ka riƙe shi har ya huce. Kada ka kusantar da zafi alhali da sauran tsohuwar robar a jiki. Ni nawa na samo shi daga wata matacciyar jita ta gwanjo.

Kafin ka mayar da kunnuwan, gwada ramukan notuna. Iskar hunturu tana tsotse ruwan katako ya tsuke, ramuka su yi sako-sako, shi ya sa noti zai yi ta juyawa ba ya kamawa. Tsoma tsinken sakace a farin gam, cusa a ramin, karye shi daidai baki, bari ya kwana, sannan ka ɗaura. Bushin da ke faɗowa kuma, naɗa masa siririyar takarda zagaye ɗaya. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne faɗaɗa rami. Ramin tsofaffin kunnuwa bai kai milimita 9 ba, na zamani 10 ne, sai mutum ya sayo sababbi ya kai wa kafinta ya huda. Katakon da aka cire ba ya dawowa, kuma darajar jitar ta tafi da shi. In dole ne a canja, a nemi masu girman na asali, a adana tsofaffin a leda cikin akwatin. Mai sayen na jere uku ya auna tsakanin turke da turke, a jitar tsirkiyar roba milimita 35 ne yawanci. Ita wannan jitar, kada a kuskura a ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe, jan ya fi ƙarfinta, jakin da ke riƙe gindin tsirkiyoyin zai ɗago ko wuyan ya lanƙwashe.

Sai mu koma maganar da na ce ka riƙe. Idan ka gama duk wannan jita tana ta sauka daga murya, kada ka zargi kunne, tunda giya ba ta juya zare. Laifin naɗi ne ko na ɗan farin ƙashin nan mai tsaga shida da ke ƙarshen wuya. Zura tsirkiya a ramin turke, bar sako na kimanin santimita 5, ka naɗa kowane zagaye ƙarƙashin na bayansa ba tare da sun hau juna ba: biyu zuwa uku ga masu kauri, huɗu zuwa biyar ga sirara. Idan turken mai tsaga ne a kai da rami a tsakiya, irin na tsofaffin Fender, yanke tsirkiyar santimita 5 gaba da turken, cusa bakin cikin ramin, lanƙwasa ta tsagar, sannan ka naɗa. Goga bakin fensir a tsagogin farin ƙashin domin tsirkiya ta riƙa zamewa. In kana murɗawa ka ji "ƙis" murya ta yi tsalle, nan ne take maƙalewa. Kullum kuma daga ƙasa ake hawa zuwa murya. In ka wuce, sauko ƙasa da ita sosai ka sake hawa, domin haƙoran su zauna a jingine da juna. Lokacin hunturu ka ajiye ta cikin akwatinta da ɗan jiƙaƙƙen soso a gidan sabulu mai huji, nesa da jikin katakon.

Majigi: karanta gindinsa kafin ka nemi soket

Iyayenmu sun san majigi tun zamanin da motar gwamnati ke zuwa ƙofar fada da dare a kafa farin ƙyalle. Wannan ƙaninsa ne, mai nuna hoto ɗaya-ɗaya. Kodak ta fito da shi da sunan Carousel a 1961, ta daina yin sa a 2004. Gida biyu ne. Akwai na Amurka, wanda aka yi don wutar volt 120, akwai kuma na Jamus da aka ƙera a Stuttgart, mai jikin ƙarfe, wanda ke cin wuta irin tamu, da yawansu ma suna da maɓallin zaɓen wuta a ƙasa. Wutarmu 230 ce. Na kawu na Amurka ne, ni kuwa ɗoki ya sa na cusa shi a bango ban duba ba. Haske ɗaya ya yi, fau, ƙwan da ya jira shekara talatin ya ƙone, na yi mako biyar ina neman wani.

Idan ka ga 120 a rubuce, sai da taransifoma mai rage wuta, ko sitabilaiza mai ramin 110. Nemi mai wat 1000, don ƙwan kaɗai wat 300 ne, a mafi tsufa ma 500. Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu 50, saboda haka fankar cikin za ta yi gudu ƙasa da yadda aka tsara mata, ga kuma zafin Kabi. Maganinsa shi ne a yi aiki da ƙaramin haske, a riƙa ba shi hutu. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka shi ma makashin ƙwai ne, kada a haɗa kai tsaye.

Waya a zare, buɗe ƙofar ƙwan. A tsofaffi tana ƙasa, da kwabo ake kwance notinta, a na baya-baya kuwa gidan ƙwan gaba ɗaya ake zarowa kamar aljihun tebur. A nawa na tarar da gidan zanzaro manne da fanka, da kashin kyankyasai. Kankare, hura da famfon keke, sannan ka tura fankar da tsinke ka ga tana juyawa sakayau. Wannan ba abin wasa ba ne: majigin da fankarsa ta tsaya zai dafa hoto cikin ƙiftawar ido. Duba wayar wuta ma daga kai har gindi, ɓera yana son ta.

Tsakanin ƙwai da hoto akwai gilasai. Mai ƙullutu kamar rabin ƙwan kaza shi ke tara haske. Shimfiɗaɗɗen mai ɗan kore-kore shi ke tsare zafi, kuma shi ne mai gadin hotunanka. In ya fashe ko babu shi, kada ka sa hoton da kake so a ciki sai ka samo wani. Ɗauki hoton yadda suke zaune, ciro su suna da sanyi, ka goge da auduga da ɗan sifirit, ka mayar kowanne a fuskarsa. Idon gaba kuma, wato gilashin da hoto ke fita ta cikinsa zuwa bango, hura ƙurar tukuna kafin ka goge, domin ƙurarmu yashi ce, gogewa a kanta ƙarce ne.

Ƙwan yana da lamba ta haruffa uku a jikinsa ko a ƙofarsa, kuma da ita ake saye, ba da kama ba. DEK na mafi tsufa ne, wat 500. ELH volt 120 ne, wat 300. FHS da EXR kuwa volt 82 ne, duk da suna kama da ELH a ido, in ka sa su a gurbinsa nan take za su ƙone. Na Jamus volt 24 ne, wat 250, tsofaffinsu 150, kuma sun fi sauƙin samu domin masu sayar da kayan asibiti da na ɗakin gwaje-gwaje sukan ajiye irinsu. Sabon ƙwai da ƙyalle ake kama shi, maiƙon yatsa yana sa gilashin ya kumbura ya fashe. In ka samu, sayi biyu.

Kunnawar farko ba faranti. Kai maɓalli kan fanka kaɗai, ka saurara minti biyu, hancinka ma yana aiki. Sannan danna maɓallin gaba ka leƙa ramin da hoto ke faɗawa: za ka ga wani ɗan hannu ya ɗago ya koma. In ya yi da nauyi kamar mai ciwon baya, tsohon giris ne. A buɗe ƙasan, a wanke da sifirit da tsinke mai auduga, a sa sabo kaɗan. Kananzir da fetur ba sa zuwa nan, akwai giyoyin roba. In kuwa fanka tana juyawa amma dannawa ba ta haifar da komai, a na Amurka sanannen ciwo ne: wata ƴar roba da ke haɗa maganaɗisun da ke ja da sandar da ke sakin inji takan tsufa ta karye. Ana sayar da madadinta ta intanet, mai gyaran rediyo mai haƙuri kuma zai iya sawa. Haka ƴar giyar da ke saita ido takan tsage, ka ji ɗan injin da ke juya ta yana ta kuka ido bai motsa ba. Wannan ba ya hana kallo, a kashe abin da ke saita ido da kansa in akwai maɓallinsa, a saita da hannu. Kada ka tsorata in ƙwai ya kama amma bango duhu, wasu samfuran ba sa sakin haske sai da hoto a ciki.

Farantin

Nan ne hikimar take, nan ne kuma ake yawan ɓarna. Hoto ba tura shi ake yi ba, nauyinsa ne ke sa shi faɗawa ta wata tsaga da ke ƙasan faranti, ɗan hannun nan ya ɗago shi ya mayar, faranti ya matsa gaba ɗaki ɗaya. Shi ya sa bai cika yaga hoto ba, shi ya sa kuma hoton da ya lanƙwashe ko kwalinsa ya kumbura da damina ba zai faɗa ba.

Kafin ka juya faranti, tabbatar zoben da ke samansa, ko murfinsa a na Jamus, yana kulle. In ba haka ba hotuna tamanin za su zube a tabarma, jerin da mai su ya yi da hannunsa ya tafi ke nan. Ni kafin na taɓa komai sai da na bi su da fensir na rubuta wa kowanne lambar ɗakinsa a kwali. Juya shi yanzu ka dubi faifan ƙarfen da ke ƙasa. Murɗa shi har ka ji ya ce ƙaras ya tsaya, tsagarsa tana daidai da sifili. In ba a nan take ba faranti ba zai zauna ba, kuma danna shi da ƙarfi shi ke karya haƙoransa. Ɗora shi sifilin yana fuskantar alamar da ke bakin ramin, zai zauna da kansa.

Cirewa ma sai a sifili. Fanka tana aiki, danna maɓallin da aka rubuta wa Select ka riƙe, juya farantin da hannu zuwa sifili, saki, ɗaga. Idan hoto ya maƙale a tsakiya, kashe wuta. A na Amurka akwai babban noti mai tsaga a cibiyar farantin, sa kwabo ka murɗa ka riƙe, faranti zai fito. Ciro hoton da yatsa ta gefen kwali, sannan ka juya farantin ka mayar da faifan ƙasa mazauninsa kafin ka sake ɗorawa.

Faranti iri biyu ne, mai ɗaki 80 da mai 140. Shawarata ga mai tsofaffin hotunan kwali ita ce ya tsaya kan mai 80. Ɗakunan mai 140 matsattsu ne, kwalin da ya sha damina arba'in ba ya wucewa cikinsu lafiya, masu gilashi kuwa ba sa shiga sam. Wajen jerawa, riƙe hoto a haske yadda rubutun cikinsa ke karantuwa daidai, juya shi kai ƙasa, fuskar da ke kallonka ita za ta kalli ƙwai. Gwada da guda ɗaya. In ya fito daidai, ɗiga alama a kusurwar da ke sama, ka bi sauran da ita.

Su kansu hotunan, kwalinsu santimita 5 ne kowane gefe, fim ɗin ciki milimita 24 da 36. Karanta sunan da ke kwalin. Kodachrome, wanda aka fara a 1935 aka daina a 2009, yana riƙe launinsa shekaru masu yawa in yana cikin duhu, amma hasken majigi yana cin sa da sauri. Tsohon Ektachrome kuwa ko a akwati yakan koma ja-ja. Don haka kada hoto ya wuce rabin minti a bango, musamman wanda ba shi da na biyu. Ƙura a hure ta, ko a share da buroshi mai laushi ƙwarai. Ruwa ko yawu ba sa taɓa fim, ɓangaren da ba ya sheƙi narkewa yake yi. Wanda fumfuna ta yi wa saƙa kamar yanar gizo a ware shi daban kada ya shafa wa sauran. In hoto ya fito tas sannan bayan daƙiƙa kaɗan ya dushe, ba lalacewa ba ce, zafi ne ya sa fim ɗin ya ɗan bankare, sai a sake saitawa. Tun kafin daren kallo kuma ka kwafe su: sa farin haske a allon wata waya, ɗora farar takarda a kai, riƙe hoton ɗan nesa da takardar, ka ɗauka da wayarka.

Da ido mai lamba 102, in ka ja majigin mita 4 daga bango za ka sami hoto mai faɗin kimanin mita 1.3. Farin bango ko farin zanen gado da aka ja ya miƙe ya isa. Ɗora shi a tebur mai ƙarfi, ba a kan katifa ko darduma ba, kada a toshe masa iska. In an gama, mayar da maɓalli kan fanka minti uku zuwa biyar, kuma kada a ɗaga shi da zafi, zaren ƙwan yana da laushi a lokacin.

Mu bayan sallar isha'i muka kunna a tsakar gida. Hoton farko gonar shinkafa ce a fadama. Na sha bakwai sai ga Matan Fada ranar bikin kamun kifi, ruwa ya yi baƙi da mutane, kowa da gora da homa, wani a gaba ya rungumo giwan ruwa da ƙyar. Na ashirin da uku wasu mutum biyar ne tsaye gaban wata Land Rover. Inna ta ce, "Tsaya, ɗana, kada ka wuce." Ta taso har inuwarta ta hau bango, ta sa yatsa ta kira sunan huɗu daga cikinsu, da garuruwansu, da wanda ya riga wani rasuwa. Na biyar ta ce sai an tambayi yayarta da ke Gulma.

Wannan shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba ya jira. Ka zaunar da tsofaffin gida tun suna nan, wani yaro yana riƙe da littafi da tocila, duk lambar da ta fito a rubuta wane ne, ina ne, wace shekara ce in an tuna. Washegari ka kwafe a kwalin kowane hoto da fensir, ba da biro ba, domin tawada tana ratsa kwali. Sannan ka mayar da farantan cikin kwalayensu, ka sa su a akwatin ƙarfe mai murfi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, bisa benci, inda gara da ruwan damina ba sa kaiwa. Ranar Juma'a mai zuwa zan ɗauki lamba 23 in tafi Gulma.